Awa 24 na farko da mai DKA: ruwa, potasiyam, sannan suga

Idan aka kawo mai ciwon suga cikin halin da muke kira DKA (diabetic ketoacidosis, wato tsamin jini saboda ƙarancin insulin), abin da kowa ke fara kallo shi ne lambar da na'urar gwajin suga ta nuna: 28, ko 33, wani lokaci ma na'urar ta ƙi ba da lamba, ta rubuta HI kawai. A kan wannan lamba 'yan uwa ke ta tambaya, ita ce kuma ke tayar wa sabon ma'aikacin jinya hankali. Amma mu da ke tsaye a bakin gado, hankalinmu ya fi karkata ga abu uku: jikin mutumin ya bushe, jininsa ya yi tsami, potasiyam ɗinsa kuma zai fara faɗuwa da zarar an soma magani. Sugan zai sauko in an bi hanya. Ruwa da potasiyam ne ke buƙatar ido ba ƙiftawa.

Zan bi aikin yadda muke yin sa ga babban mutum mai nauyin kilo 70, bisa tsarin da ƙwararrun ciwon suga na Birtaniya suka shimfiɗa, wanda asibitoci da yawa suka ɗauka da ɗan gyare-gyare. Yara suna da tasu ƙa'ida daban, ba a ɗora su a kan wannan lissafi. Likita ne ke rubuta magani, amma mai jinya da bai san dalilin kowace ledar ƙarin ruwa ba, ba zai gane lokacin da abu ya fara karkacewa ba.

Sai an san inda ruwan ya tafi kafin a san yadda za a mayar da shi. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin namiji baligi ruwa ne, wato lita 42 ke nan ga mai kilo 70. Lita 28 na cikin ƙwayoyin jiki, 14 na wajensu, kuma daga cikin 14 ɗin nan wajen lita 3 kacal ke yawo a jijiyoyin jini. Idan suga ya haura kusan 10 mmol/L, wato 180 mg/dL a na'urorin da ke amfani da wancan ma'auni, ƙoda ba ta iya tsotse shi duka, sai ya zube cikin fitsari ya ja ruwa da sodiyam da potasiyam su bi shi. Mutum ya kwana biyu ko uku yana fitsari ba ƙaƙƙautawa. Tun yana shan ruwa yana ramawa, har amai ya shigo ya toshe wannan hanyar ma. A gefe guda, rashin insulin ya sa jiki ya koma ƙona kitse, hanta na fitar da kiton, sinadari mai tsami da ƙona kitsen ke haifarwa, jini na ƙara tsami. Kafin ya iso hannunmu yakan yi asarar wajen mililita 100 a kowane kilo, kusan lita 7, da potasiyam 3 zuwa 5 mmol a kowane kilo.

Minti goma na farko na dubawa ne da hannu da ido. Muna kiran sunansa mu ga yadda yake amsawa, domin wanda hankalinsa ya fara gushewa kuma yana amai, yana iya shaƙar aman ya tafi huhu, shi ya sa ake juya shi gefe, sau da yawa a sa masa robar hanci zuwa ciki. Sai numfashi. Mai DKA yana jan numfashi mai zurfi, a jere, kamar wanda ya yi gudu alhali yana kwance. Adolf Kussmaul, likita Bajamushe, ya bayyana irin wannan numfashi a 1874, har yau da sunansa ake kiransa. Huhu ne ke ƙoƙarin fitar da iskar kabon don rage tsamin jini, saboda haka in numfashin ya lafa ba tare da sakamakon gwaji ya gyaru ba, gajiya ce ta kama shi, a kira likita nan take. Harshe a bushe, ido ya faɗa, bugun jini da sauri amma ba ƙarfi. Muna danna farce na daƙiƙa biyar mu saki. In jini ya wuce daƙiƙa biyu bai dawo ba, zagayawar jini ta yi rauni. Tsunkular fata a ga ko za ta koma, wannan ba na dogara da shi ga tsoho, fatar tsoho ko da ruwa a jikinsa ba ta saurin komawa.

Abu uku ke tabbatar da DKA: suga sama da 11 mmol/L ko kuma an san mutumin da ciwon suga, kiton a jini 3.0 mmol/L zuwa sama ko alamar ƙari biyu a tsinken gwajin fitsari, sai pH, ma'aunin tsamin jini, ƙasa da 7.3 ko bikabonet, sinadarin da ke rage tsamin, ƙasa da 15. A lura da "ko an san shi da ciwon suga" ɗin nan. Masu shan magungunan suga irin su empagliflozin da dapagliflozin suna iya shiga DKA sugansu bai wani hau ba, haka ma mai juna biyu. Kullum muna tambayar magungunan da yake sha, in da hali a kawo kwalayen mu gani.

Muna sa kanula babba, wato robar da ake sawa a jijiya, biyu in jijiya ta samu, mu ɗebi jini a lokaci guda: suga na ɗakin gwaji, sodiyam, potasiyam, yuriya, kiriyatinin, ƙidayar ƙwayoyin jini, da gwajin iskar jini daga jijiyar da muka huda. Sai awon zuciya na ECG, da awon nauyi. In ba ya iya tsayuwa a kan sikeli a ƙiyasta, amma a rubuta cewa ƙiyasi ne, domin da wannan nauyin za a lissafa insulin.

Ledar farko ruwan gishiri ce mai kashi 0.9, ba a sa mata potasiyam. In lambar sama ta awon hawan jini ta gaza 90, ana ba da mililita 500 cikin minti 10 zuwa 15, a sake awo, a maimaita in bai tashi ba, a kuma kira babban likita. In ta kai 90, lita ɗaya cikin awa ɗaya. Daga nan lita ɗaya cikin awa 2, wata cikin awa 2, wata cikin awa 4, wata cikin awa 4, ta shida cikin awa 6. Lita shida ke nan cikin awa 19. Ga tsoho, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai juna biyu, da matashi ɗan shekara 18 zuwa 25, ana sassauta gudun, a riƙa sauraron ƙirji akai-akai.

Inda babu injin da ke daidaita gudun ruwa, da ɗigo muke aiki, kuma nan ne kuskure ya fi yawa. A fara duba ledar da igiyar ƙarin ruwan ta zo a ciki, an rubuta ɗigo nawa ke yin mililita ɗaya. Ta yau da kullum yawanci 20 ce, ta ƙarin jini yawanci 15, ta yara 60. Lissafin shi ne yawan ruwan sau adadin ɗigon, a raba da mintuna. Da igiya mai 20, lita ɗaya cikin awa 2 ɗigo 167 ne a minti, cikin awa 4 ɗigo 83, cikin awa 6 ɗigo 56. Ta awa ɗaya kuwa 333 ce, ba mai iya ƙirga wannan da ido, sai dai a buɗe sosai a bi ta da alama. Ni na fi son manna filasta a tsawon ledar in ja layi in rubuta ƙarfe nawa ruwan ya kamata ya kai kowane wuri. Duk wanda ya wuce ta bakin gadon, kallo ɗaya zai san ko ruwan ya makara. Kuma yana makara: majinyaci ya lanƙwasa hannu, ledar ta yi ƙasa matsinta ya ragu, igiya ta shiga ƙarƙashin jikinsa. In an tarar ya makara da awa guda ba a buɗe shi a ce a rama, musamman in akwai potasiyam a ciki. A gyara abin da ya tsayar da shi, a rubuta, a sanar.

Insulin yana biyo bayan ruwa. Yunit 50 na insulin mai saurin aiki, a cika da ruwan gishiri zuwa mililita 50, kowace mililita yunit ɗaya ke nan. Ta jijiya, da injin tura sirinji, ana ba da yunit 0.1 a kowane kilo duk awa, wato mililita 7 a awa ga mutuminmu. Da sirinjin insulin kaɗai ake jan insulin, sirinjin allura na gama-gari ba ya nuna yunit, kuma mutum biyu ke dubawa kafin a haɗa. A takarda ana rubuta kalmar yunit cikakkiya, domin harafin U da aka rubuta da gaggawa yakan koma sifili a idon mai karatu, 7 ta zama 70. Insulin yana mannewa a jikin roba, don haka muna fara tura wani sashe ta cikin igiyar ya zube kafin a haɗa da kanula, in ba haka ba awa ta farko majinyaci ba zai samu abin da aka rubuta ba. In dama yana yin insulin mai dogon aiki na kullum, ba a dakatar da shi, a ci gaba da ba shi a lokacinsa. Inda babu injin tura sirinji akwai tsarin ba da insulin ta allura duk awa ɗaya ko biyu ga wanda halinsa bai tsananta ba. Likita ne ke yanke wannan, kuma a tuna cewa fatar wanda jikinsa ya bushe ba ta shan magani yadda ya kamata sai an fara mayar masa da ruwa.

Potasiyam shi ne ke da yaudara. A lafiyayyen mutum yana tsakanin 3.5 da 5.0 mmol/L a jini, amma kusan dukkansa cikin ƙwayoyin jiki yake zaune, kaɗan ne ke cikin jinin da muke aunawa. Rashin insulin da kaurin jini suna fito da shi daga ƙwayoyin zuwa jini, ƙoda kuma tana zubar da shi. Sai sakamakon farko ya dawo 5.2 ko 5.8, a ga kamar ya ishe shi har ya yi yawa, alhali rumbun ya kusa ƙarewa. Da insulin ya shiga, sai ya kora potasiyam ya koma cikin ƙwayoyin, ruwan da muke ƙarawa ya tsinka abin da ya rage, fitsari ya ci gaba da kwashewa. Cikin 'yan awanni mai 5.2 yana iya komawa ƙasa da 3.5.

Shi ya sa daga leda ta biyu sakamakon gwaji ne ke faɗin abin da za a rataya. In ya haura 5.5, ba a ƙarawa. In yana tsakanin 3.5 da 5.5, ana sa 40 mmol a kowace lita. In ya gaza 3.5, maganar ta wuce ta bakin gado, babban likita ake nema, kuma in tun farko a haka ya zo, ƙa'idoji da yawa sun ce a jinkirta insulin sai an ɗaga potasiyam. Ana maimaita gwajin bayan awa ɗaya, bayan awa biyu, daga nan duk awa biyu a cikin awa shidan farko. Mai jinya ne ke bin sawun sakamakon, takardar da ta kwana a ɗakin gwaji ba ta amfani kowa ba.

Ba a taɓa tura potasiyam kai tsaye cikin jijiya da sirinji, zuciya na iya tsayawa nan take. Ledar da kamfani ya riga ya haɗa ta fi aminci. In dole sai an zuba da hannu, a sauke ledar daga ƙarfe, a zuba, a jujjuya ta sau da yawa, a manna takarda mai ɗauke da adadi da lokaci da sa hannu. Ruwan potasiyam ya fi na gishiri nauyi, in aka zuba shi ledar na rataye sai ya taru a ƙasa, a bakin igiya, ya shiga jiki a dunƙule. A kuma yi wannan lissafi: 40 mmol a lita ɗaya cikin awa 2, 20 mmol ke nan a awa, ninki biyu na 10 da aka saba bayarwa ta jijiyar hannu ba tare da sa ido na musamman ba. Wannan majinyaci yana buƙatar na'urar lura da bugun zuciya a jikinsa. A zanen bugun zuciya da ke kan allon, tudun da ake kira T in ya yi tsini alamar potasiyam ya yi yawa ce, T da ya kwanta tare da ƙaramin tudun U a bayansa alamar ya yi kaɗan. A jiki kuwa, kasala, murɗar ƙafa, ciki ya kumbura hanji ya yi shiru. Yana kuma sa zafi a jijiya, in majinyaci ya ce hannunsa na zugi a duba wurin kanula da gaske, a taɓa, a gwada da ɗaya hannun.

Kafin a rataya leda mai potasiyam sai mun tabbatar yana fitsari. Abin da muke nema aƙalla rabin mililita a kowane kilo duk awa, wato 35 ga mai kilo 70. In awa guda ta wuce bai yi ba, ko ba ya iya riƙewa a auna, ana duba yiwuwar sa robar fitsari.

Takardar shiga da fitar ruwa ita ce aikin da aka fi rainawa, ita ce kuma likitan safe zai dogara da ita. Ana rubuta abin da ya shiga jiki a zahiri a wannan awa, ba girman ledar da aka rataya ba. Ruwan da aka narka maganin allura da shi yana cikin lissafi, haka ruwan da ya kurɓa, kuma sai an san kofin mililita nawa yake ci. A ɓangaren fita akwai fitsari, amai, abin da robar hanci ta janyo, da gudawa in akwai. "Ya yi fitsari sau biyu" ba awo ba ne, a ba shi mazubi mai lamba. Akwai kuma abin da ba ya shiga mazubi, wanda ke fita ta fata da numfashi, wajen mililita 500 zuwa 800 a rana, ya fi haka ga mai zazzaɓi ko mai irin wannan numfashi. Nauyin safe a sikeli ɗaya yana cike giɓin: kilo ɗaya da ya ƙaru cikin kwana guda, lita ɗaya ce ta ruwa.

Duk awa muna gwada suga da kiton. Abin da muke son gani shi ne kiton na sauka da aƙalla 0.5 mmol/L a awa, suga da wajen 3, bikabonet na hawa da wajen 3. In ba su motsa ba, kafin a ce a ƙara insulin a bi igiyar da yatsa daga sirinji har zuwa fata. Sau da yawa maƙalli ne a rufe, ko kanula ta fita daga jijiya, ko injin ya tsaya an kashe ƙararsa. Wajen gwajin yatsa, a wanke hannun da ruwa a busar, a huda gefen yatsa, kuma a guji hannun da ake ƙara masa ruwan gulukos. In yatsun sun yi sanyi saboda ƙarancin jini, lambar na iya yin ƙarya, na ɗakin gwaji ne abin dogaro.

Idan suga ya sauko ƙasa da 14 mmol/L, ana rataya ruwan gulukos mai kashi 10 a kan mililita 125 a awa, ɗigo 42 a minti da igiya mai 20, tare da ruwan gishirin da ke tafiya, kuma likita na iya rage insulin zuwa 0.05 a kowane kilo. Nan 'yan uwa kan ruɗe, su ce mai ciwon suga kuma ake ƙara wa suga? Bayanin da muke musu gajere ne: sugan ya riga kiton sauka, insulin ne kaɗai ke hana jiki ci gaba da yin kiton, to dole a ba shi gulukos domin insulin ya ci gaba da aiki ba tare da sugan ya faɗi ƙasa ba. Wanda ya kashe insulin don ya ga lamba ta yi kyau, bayan 'yan awanni zai tarar tsamin ya dawo. In kuwa suga ya faɗi ƙasa da 4, mai hankalinsa da ke iya haɗiya ana ba shi giram 15 zuwa 20 na gulukos a sake gwaji bayan minti 10 zuwa 15. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, ta jijiya ake ba shi mililita 150 zuwa 200 na gulukos mai kashi 10.

Sodiyam kan zo ƙasa a farko, saboda sugan ya jawo ruwa daga ƙwayoyin jiki ya tsinka jinin. Akwai lissafin gyara: a ƙara 1.6 a kan kowace 5.6 mmol/L da suga ya haura 5.6. Sodiyam 128 da suga 33.6, in an gyara 136 ne, yana cikin iyakar 135 zuwa 145. Yayin da suga ke sauka ya kamata sodiyam ya ɗan hau. In suna sauka tare, a sanar da likita, domin ruwa na iya shiga ƙwaƙwalwa ta kumbura, abin da ya fi samun yara da matasa. Ciwon kai sabo, ko mutumin da ɗazu yake magana ya koma barci ko rikici, ko bugun zuciya ya ragu awon jini ya hau, ba a jira awa ta cika kafin a kira. Ta ɗaya ɓangaren kuma ruwan na iya yin yawa: numfashi ya ƙaru, iskar oksijin ta ragu, a ji ƙarar ruwa a gindin huhu, jijiyar wuya ta cika.

Akwai ɗan uwan wannan hali, HHS (hyperosmolar hyperglycaemic state), wanda ya fi kama tsofaffi masu ciwon suga nau'i na biyu. Suga 30 zuwa sama, kiton kaɗan, jini ya yi kauri ƙwarai. Ana lissafa kaurin da sodiyam sau biyu, a tara da suga da yuriya. Sodiyam 145, suga 40, yuriya 15 sun ba da 345, alhali daga 320 ake shiga wannan hali. Ya ɗauki kwanaki kafin ya kai haka, gyaransa ma a hankali ake yi. Ruwa ne maganin farko, insulin yakan jira sai ruwa kaɗai ya daina saukar da suga, kuma ba a so sodiyam ya sauka fiye da 10 cikin awa 24. Jininsu na saurin daskarewa, akan rubuta musu allurar tsinka jini, sannan a duba dugadugansu kullum, a ɗaga su daga katifa.

Ana cewa DKA ta warware idan kiton ya gaza 0.6 kuma pH ya haura 7.3. Tsinken fitsari ba ya yanke wannan hukunci, domin nau'in kiton da yake gani daban ne da wanda ya fi yawa a jini, yakan ci gaba da nuna alama bayan mutum ya samu sauƙi. Bikabonet ma yana iya daɗewa ƙasa saboda yawan kuloraid na ruwan gishirin da aka sha ba shi, 154 mmol a kowace lita. Idan ya fara ci da sha, ana yi masa allurar insulin mai saurin aiki ƙarƙashin fata tare da abinci, a bar na jijiya ya ci gaba minti 30 zuwa 60 kafin a kashe, domin insulin na jijiya cikin 'yan mintuna yake ɓacewa daga jini. Lokacin cin abinci da rana ake wannan canji, ba da tsakar dare ba.

Kafin sallama sai an gano abin da ya jawo. Yawanci ko wata cuta ce ta shiga, ta huhu ko ta mafitsara ko gyambon ƙafa, ko an daina insulin, ko insulin ɗin ya lalace. Wanda ba a buɗe ba a firji yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, ba a bari ya daskare, wanda aka buɗe kuwa yawancinsu kwana 28 ne. Muna sa majinyaci ya yi allurar a gabanmu, mu shafa wuraren da yake yi mu ji ko fata ta yi kulu, domin insulin da aka yi a cikin kulu ba ya shiga jini daidai. Muna kuma gaya masa, tare da wanda ke kula da shi a gida, cewa ranar da ba shi da lafiya ko ya kasa cin abinci ba ya barin insulin mai dogon aiki. Ya riƙa gwada suga duk awa biyu zuwa huɗu, ya gwada kiton, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. In amai ya hana ruwa zama, ko kiton ya kai 3.0, ko numfashi ya canza, a kawo shi asibiti a wannan lokacin, ko da dare ne.